Garambawul ɗin manhajar likitanci: wai ya malaman suke ji a ransu? Tambayoyi da amsoshi

Duk sanda aka ce za a gyara manhajar makarantar likitanci, maganar ɗalibai ake yi da maganar marasa lafiya, su malaman da za su tsaya gaban aji ko bakin gadon majinyaci su aiwatar da abin ba a cika tambayarsu ba. Sai daga baya in abu ya cije a fara cewa ai su ne suka ƙi ba da haɗin kai. Ga tambayoyin da aka fi yi akan wannan batu.

Wai da farko ma, me ake canzawa in an ce garambawul?

Tsarin da yawancin makarantu suka gada ya samo asali ne daga rahoton Abraham Flexner na 1910, wanda ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada, ya ga da yawansu kasuwanci kawai suke, ba ɗakin gwaji ba asibitin koyarwa. Ya ce a yi koyi da makarantar likitanci ta jami'ar Johns Hopkins, wato ɗalibi ya fara da kimiyyar jiki zalla, anatomi, fisiyoloji, bayokemistiri, sai ya gama sannan a kai shi asibiti. Makarantu da yawa sun rufe bayan rahoton, har cikin makarantun baƙaƙen fata guda 7 Howard da Meharry ne kawai suka tsira.

Toh garambawul ɗin da ake ta yi tun wajen 1960 zuwa yau kusan duk ƙoƙarin rushe wannan katangar da ke tsakanin aji da asibiti ne. A daina koyar da kowane fanni shi kaɗai, a haɗe su, in ana zuciya a yi tsarinta da aikinta da cututtukanta da magungunanta a zango ɗaya. A rage lakca a ƙara zaman ƙananan rukuni. A kai ɗalibi ya ga majinyaci tun shekarar farko. A tura shi ƙauye ko ƙaramin asibiti. Sannan na baya-bayan nan, a daina auna shi da yawan watannin da ya yi a sashe, a auna shi da abin da ya iya yi da hannunsa.

Gaskiya ne malaman likitanci ba sa son canji?

Wannan maganar ni ban yarda da ita ba yadda ake faɗinta. Mutanen nan fa su ne kullum suke canza yadda suke duba marasa lafiya, magani ya fito yau gobe sun sauya, tiyatar da aka koya musu da buɗe ciki yanzu da kyamara suke yinta ta ƴar ƙofa. Mutumin da ke yin wannan ba tsoron sabon abu yake ba.

In ka saurari ƙorafinsu a ƙasashe daban-daban, abu uku ne ke ta dawowa. Ba a tambaye mu ba, sai takarda muka gani daga sama. An ƙara mana aiki ba a ƙara ma'aikata ba. Kuma aikin da aka ƙara ɗin ba ya cikin abin da ake dubawa wajen ƙarin girma. Da yawansu za su ce maka manufar tana da kyau, har su yaba, amma da ka tambaye su ko za ta yiwu a sashensu sai fuska ta canza. Akwai masu taurin kai tabbas, akwai wanda lakcarsa ta shekara ashirin ba ya so a taɓa masa, amma in aka tattara kowa aka sa a wannan kwandon an zalunci mutane, kuma an toshe kunne daga gargaɗin da sau da yawa daidai ne.

Tun 1988 wani masanin zamantakewa, Samuel Bloom, ya rubuta cewa tarihin makarantun likitanci tarihin gyara ne ba tare da canji ba, dalilinsa kuwa shi ne makarantun a gine suke akan bincike, koyarwa a bayansa take tafiya. Har yau maganar tana nan da ranta.

Su waye abin ya fi taɓawa?

Malaman kimiyyar jiki, musamman ƴan anatomi. Ka duba, a tsohon tsari sashen anatomi shi ke riƙe da ɗalibi na tsawon lokaci, shi ke tsara jadawalinsa, shi ke saita jarrabawarsa, shi ke cewa wane ya wuce wane ya maimaita. Da aka haɗe fannoni sai wannan ikon ya koma hannun kwamitin manhaja na tsakiya, farfesan da jiya yake da kwas sukutum yau lakca huɗu aka ba shi a cikin zangon numfashi, sauran a jira sai an zo ƙoda. Kuma awannin koyarwa a jami'a ba awanni ba ne kawai, da su ake lissafin guraben ma'aikata da kason kuɗin sashe. Saboda haka in ka rage wa sashe awanni ka taɓa masa komai.

A Birtaniya hukumar likitoci ta GMC ta fitar da takardar Tomorrow's Doctors a 1993, ta ce an yi wa ɗalibai lodin bayanai fiye da kima, a ware abin da ya zama dole a rage sauran. Anatomi ya sha yanka sosai. Makarantar Peninsula da aka buɗe a 2002 ma ta fara koyar da anatomi ba tare da feɗe gawa ba, da jikin mai rai da hotunan asibiti da gumakan roba. Likitocin tiyata da yawa sun yi ta kuka cewa yara na zuwa ɗakin tiyata ba su san jijiyar da ke gabansu ba. Masu goyon bayan gyaran kuma suka ce ai dama yawancin abin da ake haddacewa a shekarar farko kafin a kai ga asibiti an manta. Kowane ɓangare yana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa gardamar ta ƙi mutuwa. Ni dai a ganina tsoron ƴan anatomi ba son kai ba ne zalla, akwai tsarin tunani da mutum ke samu in ya bi fanni ɗaya daga farko har ƙarshe, wanda in aka yayyanka shi gutsi-gutsi ba lallai ɗalibi ya iya haɗawa da kansa ba.

Ya suka karɓi PBL?

PBL shi ne koyo ta hanyar warware matsala, a ba ɗalibai kamar takwas zuwa goma labarin wani majinyaci, su zauna su tattauna me suka sani me ba su sani ba, su je su karanto su dawo. Malami yana zaune amma ba lakca zai yi ba, aikinsa ya sa ido ya jefa tambaya. Jami'ar McMaster a Kanada ce ta fara a 1969, Maastricht a Holan ta bi a 1974, Newcastle ta Ostireliya a 1978, Harvard ta shigo da nata salon a 1985.

Abin lura anan, waɗancan ukun na farko sabbin makarantu ne, sun ɗauki malaman da dama sun yarda da tsarin kafin su zo. Matsala tana tasowa ne a tsohuwar makaranta, inda za a ce wa ƙwararren likitan zuciya ya zauna awa biyu yana jin yara suna kuskure akan abin da zai iya warware musu a minti biyar, kuma an ce kar ya ba da amsa. Wasu har ga Allah suna jin an wulaƙanta iliminsu. Wani kuma a kai shi rukunin da ake tattauna fannin da ba nasa ba, yana jin kunyar a tambaye shi ya rasa. Amma kuma akwai malamai da yawa da bayan sun gwada suka ce karon farko kenan da suka san ɗalibansu da suna, suka ga yadda yaro ke tunani, abin da ba ka gani daga kan dandamalin lakca.

Sai lissafi. Aji mai ɗalibai 200 malami ɗaya ya ishe shi lakca. In ka raba su goma-goma kana buƙatar malamai 20 da ɗakuna 20 a lokaci guda, kowane mako.

Akwai kuma batun al'ada. A wuraren da yaro ya tashi da cewa ba a ja da malami, ba a nuna rashin sani a gaban mutane, zaman rukunin farko shiru ne kawai ake yi kowa na kallon malam. An ga haka a gabashin Asiya da ƙasashen Larabawa, kodayake ɗalibai kan saba a hankali.

Akwai hujjar cewa sabon tsarin ya fi tsohon?

Wannan ita ce tambayar da malamai suka fi jefa wa masu garambawul, kuma suna da haƙƙi, tunda an tarbiyyantar da su akan kar su ba da magani sai da hujja. Manyan bitocin da aka yi tun 1993 sun nuna ɗaliban PBL sun fi jin daɗin karatu, kuma sukan fi a mu'amala da majinyaci da aiki tare da mutane, amma a jarrabawar ilimi zalla bambancin kaɗan ne, wani lokacin ma a kimiyyar jiki ɗaliban tsohon tsari ne ke ɗan gaba. Kenan wanda ya ce maka an tabbatar sabon tsari na fitar da likita mafi kyau ta kowace fuska ya wuce gona da iri, wanda kuma ya ce ya lalata likitanci shi ma haka. Auna wannan abu yana da wuya, tsakanin aji da lafiyar majinyaci akwai shekaru da abubuwa barkatai.

Me ya faru a Indiya?

Indiya ce misali mafi girma na garambawul daga sama a lokaci ɗaya. A 2019 hukumar likitocin ƙasar ta wancan lokacin, MCI, ta kawo manhajar CBME, wato mai auna ɗalibi da abin da ya iya yi, ga duk kwalejojin likitanci, kafin a maye gurbin hukumar da wata sabuwa, NMC, a 2020. An kawo wata guda na share fage ga sabbin ɗalibai, ganin majinyaci tun shekarar farko, darasin ɗa'a da iya magana da marasa lafiya da suke kira AETCOM, dogon jerin ƙwarewa da dole a sa wa kowane ɗalibi hannu a littafinsa cewa ya iya.

Malaman Indiya da yawa sun yarda da manufar, musamman batun iya magana da majinyaci a ƙasar da ake yawan samun rikici tsakanin dangin mara lafiya da likitoci. Kukansu shi ne yawa. Akwai kwalejojin da ke ɗaukar ɗalibai 250 a shekara, sashe kuma malamansa ba su taka kara sun karya ba, ta ina za a zauna da kowane yaro a kalle shi yana yin abu a gyara masa a sa hannu? An yi bitar horar da malamai amma ta ƴan kwanaki ce kuma ba kowa ta kai wa ba. Ana cikin haka aka kulle ƙasar saboda korona a Maris 2020, rukunin farko na sabon tsarin da aka ce su taɓa majinyaci da wuri suka koma gida suna karatu ta waya. Abin da ke ba ni tsoro a irin wannan yanayi shi ne sa hannu ya zama al'ada kawai, littafi ya cika tsaf alhali ba wanda ya tsaya ya ga yaron ya yi abin.

To ƙasashe masu kuɗi fa, su ba su da wannan matsalar?

Suna da ita, kala ce ta bambanta. A Kanada hukumar ƙwararrun likitoci ta fara tsarin Competence by Design a 2017 ga likitoci masu neman ƙwarewa, inda babban likita zai riƙa kallon na ƙasa da shi yana aiki yana cike masa fom a kwamfuta, sau da yawa, akan ayyuka daban-daban. Ba a jima ba kowa ya gaji, masu koyo suna bin manya suna roƙon a cike musu fom, manya suna ganin lokacin da za su koyar a bakin gado ya tafi a danna akwatuna. Ƙungiyar likitoci masu neman ƙwarewa ta lardin Kebek ta yi ta sukar abin, daga baya hukumar da kanta ta amsa cewa nauyin ya yi yawa ta sassauta.

A Jamus kuma kuɗi ne ya tsaya a tsakiya. Tun 1999 doka ta ba da damar gwada sabbin tsare-tsare, makarantar likitanci ta Charité a Balin na cikin na farko. A 2017 aka amince da babban shirin gyaran karatun likitanci, amma sabuwar dokar da za ta aiwatar da shi ta yi shekaru tana jira saboda gwamnatin tarayya da jihohi sun kasa daidaitawa akan wa zai biya. Malamai sun zauna a kwamitoci sun tsara, sun sake tsarawa, ba a fara ba. Irin wannan ke kashe wa mutum gwiwa, gobe in ka kira shi wani kwamitin ba zai zo da zuciya ɗaya ba.

Wai da gaske wasu ƙasashen matsin lamba daga waje ne ya sa suka canza?

Ƙwarai. A 2010 hukumar ECFMG ta Amurka, mai tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ta sanar cewa daga 2023 ba za ta karɓi kowa ba sai wanda ya fito daga makarantar da wata amintacciyar hukuma ta tantance bisa ma'aunin duniya. Daga baya an ɗaga zuwa 2024 an kuma sassauta, amma sanarwar ta riga ta girgiza ƙasashe. A Japan har suna suka sa mata, matsalar 2023. Suka kafa hukumar tantancewa JACME a 2015, makarantu suka tsawaita makonnin da ɗalibi ke yi a asibiti kuma aka ce ya shiga aiki da hannunsa ba kallo kawai ba. Tambayar da wasu malaman can suka yi tana da ma'ana, likitocinmu ƙalilan ne ke tafiya Amurka, don me za mu juya duk tsarinmu saboda su? Wasu kuma suka ga dama ce ta yin gyaran da aka daɗe ana jan ƙafa a kai.

Masar ta sauya a 2018 daga shekara 6 da ta horo 1 zuwa shekara 5 da horo 2, da haɗaɗɗiyar manhaja, a jami'o'in da ɗalibansu ke da ɗimbin yawa. Nan ma zancen ɗaya ne, ƙaramin rukuni a takarda, cunkoso a zahiri.

Nahiyar Afirka fa?

Kar a ɗauka nahiyar koyi kawai take. Jami'ar Gezira a Sudan da ta Suez Canal a Masar da ta Ilorin a Najeriya tun ƙarshen shekarun 1970 suka gina karatunsu akan kai ɗalibi cikin al'umma, lokacin da manyan makarantun Turai da yawa ba su fara tunanin haka ba. Makerere a Yuganda ta koma PBL a 2003, jami'ar Kef Tawun a Afirka ta Kudu ta sauya manhaja a 2002. Daga 2010 zuwa 2015 shirin MEPI na gwamnatin Amurka ya zuba kusan dala miliyan 130 a makarantu 13 cikin ƙasashe 12, aka gyara manhajoji aka buɗe sassan ilimin koyar da likitanci.

Damuwar malamai anan ta fi ta ko'ina nauyi, domin mutum ɗaya ne ke lakca, shi ke zagayen marasa lafiya, shi ke kilinik, shi ke kiran dare, abokan aikinsa kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Kuma in garambawul ya zo da kuɗin tallafi, tambayar farko ita ce ranar da kuɗin ya ƙare wa zai biya motar kai ɗalibai ƙauye. A Najeriya da hukumar jami'o'i NUC ta fito da manhajar CCMAS a ƙarshen 2022, mai cewa kashi 70 daga hukuma kashi 30 daga jami'a, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta yi watsi da ita tana cewa tsara manhaja aikin majalisar malaman jami'a ne. Kaga nan ma maganar wa aka tambaya ce.

Matasan malamai sun fi tsofaffi karɓar canji?

Ba kullum ba. Matashi ya fi sakin jiki da sabbin hanyoyi, amma shi ake jibga wa zaman rukuni da cike fom alhali shi ne ke tsananin buƙatar lokacin rubuta bincike. Wani dattijon farfesan da ya gama hawa duk matakai shi ne ma zaka ga ya rungumi abin.

Me ya sa ake ta maganar ƙarin girma?

Domin nan gizo ke saƙa. A yawancin jami'o'in duniya takardun da ka buga a mujallu da kuɗin binciken da ka jawo su ke kai ka farfesa. A asibiti kuma yawan majinyatan da ka gani ake ƙirgawa. Awa ɗari da ka kashe kana rubuta labaran PBL ko tsara tashoshin jarrabawa ba ta da gurbi a fom ɗin. Wasu makarantu a Amurka da Birtaniya da Holan sun buɗe hanyar ƙarin girma ta koyarwa, Holan ma tana da takardar shaidar iya koyarwa da ake nema daga malaman jami'a. Inda ba a yi irin wannan ba, an bar garambawul a wuyan mutane ƙalilan masu kishi, su kuma in sun gaji shikenan.

Ina jarrabawa ta shigo?

Malamai sun san ɗalibi abin da za a tambaye shi yake karantawa. Jarrabawar OSCE da Ronald Harden ya ɓullo da ita a Dandi ta Sikotilan a 1975, inda ɗalibi ke zagaya tashoshi ana duba shi da ma'auni ɗaya, ta rage son rai da sa'ar wane malami ka faɗa hannunsa, amma tana cin ma'aikata da yini guda, kuma tsofaffin likitoci na cewa yara sun koyi wasan kwaikwayon cike akwati. A Amurka jarrabawar USMLE Step 1, matakin farko na jarrabawar samun lasisin aikin likita, ta yi ƙarfi har ɗalibai suka daina zuwa lakca suna karatu da bidiyo da bankin tambayoyi na kamfanoni, malami ya shirya ya shigo ya tarar da kujeru. A Janairu 2022 aka mayar da ita ci ko faɗuwa ba maki, sai hankali ya karkata zuwa mataki na biyu, Step 2.

An taɓa yin garambawul a dawo baya?

An yi. Makarantar likitanci ta Libaful a Birtaniya ta rungumi PBL a 1996, a 2014 ta fito da sabuwar manhajar da ta ja baya daga gare shi ta ƙarfafa koyar da kimiyya kai tsaye. A Koriya ta Kudu gwamnati ta tura makarantu su koma ɗaukar masu digiri na farko irin na Amurka daga 2005, malamai da yawa ba su so ba, da aka ba jami'o'i zaɓi kusan dukkansu suka koma tsohon tsarin shekara 6. Ita kanta McMaster ta sake fasalin manhajarta fiye da sau ɗaya.

To me ke sa malami ya yarda ya sa hannu da gaske?

A kira shi tun ana zana abin, ba ranar ƙaddamarwa ba, kuma in ya kawo gyara ya ga an saka. A nuna masa ƙarara inda fanninsa ya shiga a sabon jadawali da wanda zai saita tambayoyinsa. A yi lissafin awanni da ɗakuna da mutane kafin a buga takarda, in ba za su isa a yi rukunin goma ba a faɗi gaskiya a zaɓi hanyar da malami ɗaya zai iya tafiyar da rukunoni da yawa a babban zaure, akwai irin waɗannan hanyoyin kuma suna aiki. Horon malamai ya zama abin da ake komawa akai-akai, da wanda zai shigo ajinka ya gani ya ba ka shawara. Sannan a yarda cewa shekarun da tsohon tsari da sabo ke tafiya tare aiki ninki biyu ne, domin ƴan aji huɗu suna kan tsohuwar manhaja ƴan aji ɗaya suna kan sabuwa kuma malaman ɗaya ne, a rage musu wani nauyin a wannan tsakanin ko a ɗauki ƙarin hannu.